Yadda Ake Raba Batir, RAM da Lokacin Rediyo Tsakanin Ƙananan Na'urorin Sensa Marasa Waya

Na'urar TelosB, ƙaramar na'urar sensa marar waya wadda aka ƙera a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley wajen 2004, har yanzu da ita ake koyar da ɗalibai wannan fanni a wurare da dama. Ma'adanar aikinta, wato RAM, kilobait 10 ce kacal. Wurin zaman manhajarta kilobait 48. Rediyonta yana tura kilobit 250 a sakan ɗaya, abincinta kuma batir biyu ne masu lambar AA, irin na rimot. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka ya ninka RAM ɗinta sau ɗaruruwa. Duk da haka, da irinta masana daga Jami'ar Harvard suka saurari motsin dutse mai aman wuta na Reventador a ƙasar Ekwado a 2005.

Na'urorin yanzu sun fi ta wadata. nRF52840 tana da RAM kilobait 256, ESP32 tana da 520. Sai dai batir bai yi irin wannan ci gaban ba, iskar da rediyo ke bi kuma ba ta ƙaru ba. Wanda ya zo wannan aiki daga duniyar kwamfuta yakan zaci firosesa ce za a yi ta rigima a kanta. Ba ita ba ce. Lissafi a cikin na'ura yana da arha, kunna rediyo ne ke da tsada, kuma duk wani rabo da za ka yi daga nan yake farawa.

Domin matakan su zauna a kan abu guda, mu ɗauki misali. Ka ce gonar rani ce, irin filayen Kadawa da ke shan ruwa daga madatsar Tiga. An dasa na'urori 30, suna miƙa wa juna saƙo har ya isa babbar na'ura ɗaya mai sola da layin waya, wadda zan riƙa kira ƙofa. Ɓangare biyu ke son amfani da su: manoma suna son sanin danshin ƙasa, masu kula da magudanar ruwa suna son sanin tsayin ruwa da gargaɗi idan ya yi ambaliya. Ana so batir ya kai shekara.

Mataki na 1: Yi kasafin batir kafin ka rubuta layin manhaja ko ɗaya

Batir AA mai kyau yana riƙe da wajen mAh 2,000, wasu su ɗan haura (mA ma'aunin wutar da ake ja ne, mAh ɗaya kuma jan mA ɗaya ne na tsawon awa guda). Rediyon TelosB, mai suna CC2420, yana jan kusan mA 19 idan yana sauraro, da mA 17 da ɗoriya idan yana turawa. Firosesa tana jan wajen mA 2 idan tana aiki. Idan komai ya yi barci, abin da ake ja bai wuce mA 0.005 ba.

Ka bar rediyo a kunne dare da rana, ka raba 2,000 da 20: awa 100. Kwana huɗu ke nan, na'ura ta mutu.

Shekara tana da awa 8,760. Kada ka yi lissafi da batir cikakke, domin zafi da tsufa za su ci rabonsu, kuma na'ura takan daina aiki tun batir bai ƙare ƙurmus ba. Cire kashi 30 cikin ɗari, saura mAh 1,400. Raba da kwana 365, ka samu wajen mAh 3.8 a kowace rana. Barci zai ɗauki kusan 0.12 daga ciki. Abin da ya rage, idan ka auna shi da lokacin kunna rediyo, minti 11 ne a yini. Ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na lokaci.

Wannan minti 11 ita ce dukiyar da za a raba. Rubuta ta a saman takarda. A ƙarƙashinta ka jera masu ci: sauraro, tura bayanan na'urar kanta, miƙa bayanan maƙwabta, daidaita agogo, karanta sensa, rubutu a filash (ma'adanar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke). Duk wanda ya zo daga baya da sabuwar buƙata, a nuna masa takardar a tambaye shi daga kason wa za a rage.

Mataki na 2: Raba iska, ka sa rediyo barci

Ga abin da ke ba sababbin shiga mamaki. Fakiti, wato ƙunshin saƙo guda, mafi girma a tsarin IEEE 802.15.4 da waɗannan rediyo ke bi bait 127 ne, tura shi kuma yana ɗaukar milisakan 4 da 'yan kai. Na'urar da ke tura fakiti ɗaya duk minti 10 za ta tura 144 a yini, wanda gaba ɗaya bai kai sakan ɗaya ba. To ina sauran minti 11 ke tafiya? A jira. Rediyo yana buɗe kunne ko wani zai yi magana, babu wanda ya yi, wuta kuma tana zuba kamar ana karɓar saƙo. Saboda haka rage yawan saƙo kaɗai ba ya ceton batir matuƙar ba ka taɓa sauraron banza ba.

Hanya biyu ce sananna.

Ta farko, kowace na'ura ta riƙa leƙowa a taƙaice ta koma barci. Mai son turawa sai ya yi ta maimaita saƙonsa har mai karɓa ya farka ya ji. B-MAC na 2004 da X-MAC na 2006 a kan wannan tunani suke, haka ContikiMAC, wanda bisa saitinsa na asali yake leƙowa sau 8 a sakan. Ba ya buƙatar agogo ya zo ɗaya, ga sauƙin kafawa. Aibinsa shi ne nauyin yana komawa kan mai turawa, kuma idan na'urori da yawa suka so magana lokaci guda sai su yi ta karo.

Ta biyu, a yanka lokaci gurbi-gurbi, kowa ya san nasa. Wannan shi ne TSCH, wanda ya shigo cikin tsarin 802.15.4e a 2012. Gurbi ɗaya yawanci milisakan 10 ne. Ana jera gurabe su zama zagaye, misali 101, wato sakan ɗaya da ɗigo. Na'ura tana farkawa a gurbinta kawai, kuma idan babu saƙo, milisakan 2.2 take jira ta rufe kunne. Gurbin sauraro ɗaya a kowane zagaye ke nan bai kai rubu'in kashi 1 cikin ɗari ba, wajen minti 3 a yini. Ƙari a kan haka, kowane zagaye ana sauya tasha cikin tashoshi 16 da ke kan 2.4 GHz, ta yadda idan Wi-Fi ya toshe ɗaya, saƙo ya wuce ta wata. Shi ya sa ake zaɓar lamba irin 101 da ba ta rabuwa da komai: gurbin zai zaga dukkan tashoshin, ba zai maƙale a kaɗan ba.

A gonarmu TSCH zan zaɓa, domin bayanan suna zuwa a kan ƙa'ida, kuma rabon a rubuce yake, ana iya ƙirga shi. Contiki-NG, sabon zubin Contiki, babbar manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori, yana da shi, tare da Orchestra, wanda ke bai wa kowace na'ura damar lissafa gurbinta daga lambar adireshinta ba tare da an yi ta tattaunawa ta iska ba.

Kuɗin da za ka biya shi ne agogo. Ƙaramin kiristal mai bugun 32,768 a sakan da ke riƙe lokaci yayin barci ba ya tafiya daidai. Idan na'urori biyu suka saɓa da kashi 20 cikin miliyan, a ƙasa da minti ɗaya za su fita daga tazarar jiran da aka ba su, su daina jin juna. A nan zafinmu yana da hannu. An yanka irin wannan kiristal ne don ya fi daidaito a wajen digiri 25, kuma kuskurensa yana ƙaruwa ninki-ninki yayin da ake nisa da wannan ma'auni. A digiri 45 ya kai kusan kashi 14 cikin miliyan, a cikin akwatin roba da rana ta gasa zuwa 55 kuwa ya kai wajen 30. Na'urar da ke inuwar mangwaro da wadda ke tsakiyar fili a watan Afrilu ba agogo ɗaya suke bi ba. Ka taƙaita tazarar saƙon daidaita agogo zuwa sakan 10 ko 15, ka saka wannan a kasafi, ka kuma yi wa akwatunan farin fenti da 'yar rumfa.

Idan kuma ba tsalle-tsallen tasha za ka yi ba, tsaya a tasha ta 15, 20, 25 ko 26. Su ne suka fi kauce wa tashoshin Wi-Fi na 1, 6 da 11.

Mai amfani da LoRa, wani nau'in rediyo mai kai saƙo nesa, lissafinsa daban ne, amma rabon iska bai bar shi ba. A can babu miƙa saƙo hannu da hannu, kowa kai tsaye yake magana da ƙofa. Saƙo mai bait 51 a SF7, saitin sauri na na'urorin kusa, yana ɗaukar wajen sakan 0.12, a SF12 kuwa, saitin da ke kai nesa a hankali, kusan sakan 2.8. A zangon 868 MHz bisa ƙa'idar Turai, yawancin tashoshi kashi 1 cikin ɗari na lokaci kawai aka yarda ka riƙe, The Things Network kuma, netwok ɗin LoRa na jama'a, sakan 30 take bai wa kowace na'ura a yini. A SF12 saƙo goma ke nan. Na'ura ɗaya mai nisa tana cin iskar da na kusa ashirin za su ci, don haka ƙara ƙofa ta biyu sau da yawa ya fi ƙara ƙarfin turawa amfani.

Mataki na 3: Yanke shawarar inda kowane lissafi zai gudana

Ga gwajin da za ka yi wa kowane aiki. A ce sensar tsayin ruwa ta ɗauki awo 1,000, kowanne bait 2. Bait 2,000 ke nan, wajen fakiti 20. Idan na'urar tana zango biyar daga ƙofa, wato sai an miƙa kowane fakiti sau biyar kafin ya isa, za a tura sau 100, kuma a kowane turawa rediyo biyu ne a kunne, na mai bayarwa da na mai karɓa. Sakan 0.4 sau mA 36 na rediyon biyu, ka samu wajen 14.

Yanzu ka bar na'urar ta lissafa matsakaici da mafi girma da mafi ƙanƙanta da kanta. Ko da kowane awo ya ci bugun firosesa 100, duka 100,000 ne, wanda a gudun 4 MHz milisakan 25 ne. Sau mA 2, ka samu 0.05. Ƙara fakiti ɗaya na sakamako a zango biyar, wajen 0.7. Jimla ba ta kai 1 ba, a gefe guda kuma 14. Ban ma saka maimaicin fakitin da suka ɓace ba, wanda ke ƙara faɗaɗa tazarar.

Ƙa'idar da ta fito daga nan: abin da ke rage yawan bayanai a yi shi a wurin da aka auna. Abin da ke buƙatar ganin gonar gaba ɗaya, ko tarihin makonni, ko ma'adana mai yawa, a kai shi ƙofa. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da ke ƙofa tana jan ɗaruruwan mA, amma tana da sola da babban batir, ba ta cikin kasafin minti 11.

Aikin Reventador darasi ne a kan wannan rabo. Na'urori 16 suna ɗaukar awo sau 100 a sakan, abin da rediyo ba zai iya kwashewa duka ba. Sai kowace na'ura ta riƙa zuba awonta a filash, sabo yana taka tsoho, tana kuma kwatanta matsakaicin girgiza na gajeren lokaci da na dogon lokaci. Idan na gajeren ya yi tsalle, ta aika ɗan gajeren saƙo cewa ta ji wani abu. Ba a yarda da shaidar na'ura ɗaya. Sai adadi mai yawa sun faɗa a lokaci guda, sannan tashar tushe, wato ƙofarsu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓi awon sakan 60 na ƙarshe. Da haka suka kama motsi fiye da 200 cikin kwana 19. Ganowa a na'ura, yanke hukunci a tushe, ɗanyen bayani kuma sai an nema. Gargaɗin ambaliya a gonarmu haka ya kamata ya kasance.

Ƙananan dabaru uku da ke tafiya da wannan mataki. Kada ka tura rubutu: zafin digiri 31.25 ka mai da shi 3125 ka saka a bait 2, maimakon rubutu a tsarin JSON mai bait talatin. Wannan yana kuma raba ka da lissafin ɗigo, wanda firosesar MSP430 da ke cikin TelosB ba ta da sashen yin sa, sai ta bi doguwar hanya. Na biyu, tura awo idan ya sauya da abin da ya kai a kula, tare da saƙon "ina raye" duk awa ɗaya, don a bambance shiru da mutuwa. Na uku, tara awo da yawa a fakiti ɗaya, domin kan fakiti yana cin bait masu yawa ko da abin da ke ciki bait 2 ne.

Mataki na 4: Dunƙule bayanai a kan hanya

Idan abin da manoma ke so shi ne matsakaicin danshi na kowane ɓangaren gona, babu dalilin da awo goma za su isa ƙofa a rarrabe. Na'urar da ke tsakiya ta haɗa na 'ya'yanta, wato na'urorin da ke turo saƙo ta wurinta, da nata ta miƙa saƙo ɗaya. Samuel Madden da abokan aikinsa ne suka tsara wannan a TAG a 2002, wanda ya zama ginshiƙin manhajar TinyDB.

Amma ba kowane lissafi ke dunƙuluwa ba, a nan ake yawan kuskure. Mafi girma, mafi ƙanƙanta, jimla da ƙirga suna dunƙuluwa kai tsaye. Matsakaici kuwa kada ka tura shi shi kaɗai, domin matsakaicin matsakaitai ƙarya yake bayarwa idan rassan ba su kai juna yawa ba. Tura jimla da adadi, a raba a ƙofa. Lambar tsakiya ta jeri ba ta dunƙuluwa sam, sai an ga dukkan awon ko a haƙura da kiyasi. Sannan ka kula da saƙon da ya iso sau biyu saboda maimaici: mafi girma bai damu ba, jimla da ƙirga kuwa sun lalace. Saka lambar jeri a kowane saƙo.

Akwai asarar da ba a cika faɗa ba. Sensar da ta lalace tana ba da awon banza za ta ɓuya a cikin matsakaici. Ka riƙa tura mafi girma da mafi ƙanƙanta tare da shi, kuma sau ɗaya a yini kowace na'ura ta aiko da ɗanyen awonta.

Mataki na 5: Raba RAM da lokacin firosesa a cikin na'ura

Bayan ka harhaɗa manhaja, gudanar da msp430-size ko arm-none-eabi-size a kanta. Zai nuna maka text, data da bss. Haɗa data da bss, shi ne RAM da aka riga aka cinye. Abin da ya saura shi ne na tarin kiran ayyuka, kuma idan ya cika ya malala babu gargaɗi, na'ura kawai za ta fara hauka bayan kwanaki.

Manyan masu cin RAM su ne layin jiran fakiti da teburin maƙwabta da teburin hanyoyi. Layi mai fakiti 8 ya haura kilobait ɗaya, kashi goma cikin ɗari na TelosB. Na'urar da ke bakin gona ba ta miƙa wa kowa saƙo, layi mai 2 ya ishe ta. Ta kusa da ƙofa ce ke buƙatar dogo. Saboda haka kada ka zuba saiti ɗaya a dukkan na'urori.

Guji malloc, wato neman wuri a RAM yayin da manhaja ke gudana. Ware komai tun lokacin harhaɗawa, kamar yadda MEMB ke yi a Contiki, ta yadda idan wuri bai isa ba za ka sani a kan tebur, ba a gona ba. TinyOS, takwarar Contiki, da Contiki duk sun kauce wa bai wa kowane aiki nasa tarin. Adam Dunkels ya kawo protothreads a Contiki, inda kowane aiki bait 2 kawai yake ci don tuna inda ya tsaya. Tarkonsa shi ne duk wani ma'ajin ƙima (variable) na cikin aiki da ba ka sa masa alamar static ba zai ɓace da zarar aikin ya dakata ya dawo. Kuma tun da ayyukan ba sa ƙwace wa juna firosesa, lissafi mai tsawo ɗaya zai hana kowa motsi. Yanka shi gunduwa-gunduwa, yana yi yana sakin hanya.

Mataki na 6: Masu buƙata biyu, na'ura ɗaya

Manoma sun ce a auna zafi duk minti 10, masu ruwa sun ce duk minti 15. Idan kowa ya yi nasa, awo 10 ne a awa. Idan aka haɗa waɗanda suka faɗo lokaci guda, 8. Idan ka je ka tambayi masu ruwa ko awon minti 10 zai yi musu, wanda kusan kullum zai yi, 6. Don haka kada wata manhaja ta taɓa sensa kai tsaye. A sa aiki guda mai karantawa, ya ajiye awon da lokacinsa, kowa ya ɗauka daga wurinsa.

Sai fifiko. Raba saƙonni aji uku: gargaɗi, saƙon tafiyar da netwok, awon yau da kullum. Gargaɗi yana da gurbinsa a kowane zagaye da wurinsa a layi wanda babu mai taɓawa. Idan layi ya cika, awon yau da kullum mafi tsufa ake zubarwa, domin danshin awa biyu da suka wuce ba shi da daraja kamar na yanzu.

Shi ma gargaɗi a sa masa linzami. Sensar ruwa da ciyawa ta maƙale wa za ta iya yin ihu sau dubu a dare ɗaya ta kashe batir ɗin duk na'urorin da ke kan hanyarta. Ba kowace manhaja adadin fakitin da za ta iya turawa a awa, da ɗan rarar da za ta tara don lokacin gaggawa. Ta cinye, ta jira.

A ƙarshe ka rubuta abin da zai faru idan batir ya ja baya. Misali a kashi 40, a ninka tazarar awon danshi. A kashi 20, a bar gargaɗi da miƙa saƙon wasu kawai. Wannan magana ce ta mutane kafin ta zama ta manhaja, gara ɓangarorin biyu su amince da ita tun ranar dasawa.

Mataki na 7: Sauke wa na kusa da ƙofa nauyi

Cikin na'urori 30, a ce uku ne ke jin ƙofa kai tsaye. Kowace tana ɗauke da saƙon wajen goma. Su za su fara mutuwa, kuma ranar da suka mutu sauran 27 sun zama kurame ko da batir ɗinsu na cike. Tsawon ran netwok shi ne tsawon ran waɗannan ukun.

RPL, tsarin zaɓen hanya da aka fitar a RFC 6550 a 2012, yadda aka fi saita shi yana duba ingancin hanya ne, ba ya duba batir. Na'urar da ke da kyakkyawar hanya kowa sai ya bi ta kanta.

LEACH, wanda Wendi Heinzelman da abokan aikinta suka gabatar a MIT a 2000, ya magance wannan da karɓa-karɓa, kamar girki a gidan da ke da mata da yawa: yau ke, gobe waccan. Idan aka ce kashi 5 cikin ɗari ne shugabannin rukuni, kowace na'ura tana shugabanci sau ɗaya a zagaye 20, ta tattara na rukuninta ta dunƙule ta tura. Tunani ne mai kyau, kuma ɗalibai suna son sa domin yana fita tsaf a kwaikwayon kwamfuta. Sai dai ya ɗauka cewa kowace na'ura za ta iya kai muryarta tushe kai tsaye, abin da ƙaramin rediyon 2.4 GHz a cikin shinkafa mai tsayi ba zai yi ba.

A aikace maganin da ya fi arha ba na manhaja ba ne. Kafa ƙofa a tsakiyar gona, ba a gefe ba, don ta samu maƙwabta shida ko takwas maimakon uku. Ɗaga eriya sama da tsayin amfanin gona a lokacin da ya girma, ba tsayinsa na ranar dasawa ba. Ba na'urorin zoben farko, wato masu jin ƙofa kai tsaye, batir mai girma ko ƙaramar sola. Idan sola ce, ka tuna ƙurar hunturu tana rufe ta, kuma batir lithium na caji ba a son a caja shi a zafin da ya haura digiri 45.

Ita kanta ƙofar a kula da ita. A Reventador, ɗaukewar wuta a wurin da kwamfutar tushe take na cikin manyan abubuwan da suka tsayar da aiki, alhali ƙananan na'urorin suna kan dutse lafiya lau. Mu da muka san halin wutar lantarki ba ma buƙatar dogon bayani. Kowace na'ura ta iya ajiye awonta a filash idan ƙofa ta yi shiru, kuma idan ta dawo kada duka su zubo lokaci guda, kowa ya ɗan jira na wani lokaci da ya zaɓa da ka.

Mataki na 8: Aika umarni ba tare da cika iska ba

Wata rana za ka so sauya tazarar awo a dukkan na'urori. Idan kowa ya maimaita abin da ya ji, iska ta cushe. Trickle, na Philip Levis da abokansa a 2004, wanda ya zama RFC 6206, shi ne abin amfani. Kowace na'ura tana da tazara. A rabin farko tana sauraro kawai. Idan ta ji maƙwabta sun riga sun faɗi abin da take shirin faɗa, ta yi shiru. Idan kowa ya yarda da kowa, tazarar ta ninka, ta sake ninkawa, har magana ta koma jefi-jefi. Da an ji sabon abu, tazara ta koma mafi gajarta, labari ya bazu cikin sakanni. RPL ma da shi yake aiki.

Duk abin da kake zaton za ka so sauyawa, mai da shi saiti mai 'yan bait. Tura sabuwar manhaja gaba ɗaya ta iska ɗaruruwan fakiti ne a kowane zango, ga haɗari: MSP430 ta TelosB tana buƙatar volt 2.7 kafin ta rubuta filash ɗinta, alhali rediyo yana aiki har ƙasa da haka. Na'ura mai raunin batir za ta karɓi manhajar ta kasa rubuta ta daidai. Duba batir kafin sabuntawa, ajiye tsohuwar manhaja mai aiki a gefe, ka kunna agogon tsaro da zai sake tayar da na'ura idan ta sandare.

Mataki na 9: Auna, kada ka yarda da takardar kamfani kaɗai

Fara da Cooja, manhajar kwaikwayo ta Contiki, ka jera na'urori 30 ɗin yadda suke a gona. Kunna Energest, wanda ke ƙirga lokacin da firosesa da rediyo suka yi a kunne, ka kwatanta da minti 11. Duba na zoben farko, ba matsakaicin kowa ba.

Daga nan ka ɗauki na'ura ta gaske ka auna abin da take ja a barci, da mita mai kyau ko Power Profiler Kit II na Nordic. A nan asiri ke tonuwa. ESP32 ita kanta wajen mA 0.01 take ja a barci mai zurfi, amma allon gwaji da ake sayarwa a kasuwa yana ɗauke da fitilar LED da guntun USB da mai daidaita wuta irin AMS1117, waɗanda ke shan mA da dama ko da komai ya kwanta. Wannan kaɗai ya ninka kasafinka na yini sau da yawa. Haka sensar danshi da aka jona kai tsaye da batir: ba ta barci. Ba ta wuta ta transista, ka kunna ta, ka jira ta daidaita, ka karanta, ka kashe.

Kafin dasa 30, dasa biyar na mako biyu a ainihin wurin, ɗaya a mafi nisa, ɗaya a mafi zafi. Kowace ta riƙa haɗawa da saƙonta na "ina raye" da abubuwa biyar: ƙarfin batir, jimlar lokacin kunna rediyo, adadin fakitin da ta zubar, sau nawa ta sauya uwar da take bi, da sau nawa ta sake tashi. Bait goma sun isa. Idan lokacin rediyo ya haura kasafi, duba yawan sauya uwa tukuna, domin hanya mai rawa tana sa Trickle komawa farko a kai a kai. Idan fakitin da ake zubarwa suna taruwa a na'ura ɗaya, ƙara mata gurbi a zagaye ko ka dasa wata kusa da ita su raba 'ya'yan. Idan kuwa sake tashi ne ke yawa da tsakar rana, buɗe akwatin ka auna zafin cikinsa kafin ka zargi manhaja.